Ɗalibin da Ya Toshe Ruwan Dadong Rimpen

Akwai wani saurayi mai suna Jomar Villasis, ɗan birnin Manila, da ya zo karatu nan tsibirin Bali, a cibiyar da nake wa tuƙi a cikin gonakin Tabanan. Shekarata goma sha huɗu ina jigilar ɗaliban wurin nan, na ga masu hankali na ga 'yan iska, yawancinsu ko sunansu ba na tunawa. Amma shi wannan na kasa mantawa da shi, kuma a gabana aka yi kusan komai.

Cibiyar tamu tana karɓar ɗalibai daga ƙasashe daban-daban, su yi wata huɗu suna koyon abin da malamansu ke kira ci gaba mai ɗorewa, wato yadda za a ci moriyar ƙasa da ruwa yau ba tare da an cinye rabon jikoki ba. Yawancinsu iyayensu ke biya musu. Su ne masu tashi ƙarfe takwas suna miƙa, ranar Asabar kuma in kwashe su zuwa bakin teku.

Sai mutum biyu ko uku da ake ɗauka a kan tallafin aiki da karatu. Waɗannan ba sa biyan ko rupiya ɗaya. Cibiya ta ba su ɗaki da abinci da aji, su kuma su biya da ƙarfinsu, awa huɗu kullum a gona kafin a fara darasi.

Sharaɗin tallafin biyu ne. Na farko, mai kula da gona ya sa maka hannu a ƙarshen wata na uku cewa ka yi aiki. Na biyu, kada ka jawo wa cibiya rigima da mutanen gari. In ka karya ɗaya, sai gida, babu takardar shaida babu komai.

Jomar a cikin waɗannan yake. Wata hukumar ruwa a garinsu ta yi masa alkawarin aiki in ya dawo da takardar nan. Mahaifiyarsa mai sayar da abinci ce a bakin titi, kuma duk wanda ya zauna cin shinkafa a bencinta sai ya ji labarin ɗanta da ke karatu a ƙasar waje.

Yaron akwai kai, ban hana shi ba. Amma akwai baki, kuma akwai gajiya.

Kafin gari ya gama wayewa yana cikin laka. Ya kwashi taki, ya kora agwagi cikin fangali, ya cire ciyawar da ta toshe magudanar ruwa, sannan ya watsa ruwa a guje ya shiga aji da laka a bayan kunne. Kafin malami ya gama gaisuwa ya fara gyangyaɗi. Waɗanda suka yi barcinsu suka ƙoshi su riƙa taɓa juna suna dariya. Ranar Asabar in na cika mota da su, sai in hango shi ta madubi, buhu a kafaɗa, ko ɗago kai ba ya yi.

Mutum in ya gaji irin haka, kuma yana ganin ya fi na kusa da shi sani, to zuciyarsa neman hanyar nuna kansa take yi. Abin da ya ci Jomar ke nan.

Mai kula da gonar cibiya wani dattijo ne, Pak Rarem, wato Malam Rarem, ɗan garin, maganarsa ba ta fi a ƙirga ba a yini. Shi ne wakilin gonarmu a subak, ƙungiyar manoman da ke shan ruwan magudana ɗaya. Shekara ashirin kuma shi subak ta damƙa wa duba rabon ruwa a ɓangarenmu, don ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Rabon ruwan da gungume ake yi. A gitta shi a magudana, a yi masa tsaga-tsaga, kowace tsaga da faɗinta daidai gonar da take shayarwa. A can bayan gonarmu, inda ba kowa ke bi ba, akwai gungume na ƙarshe mai tsaga biyu. Babbar tamu ce. Ƙaramar, wadda ba ta fi yatsu uku ba, tana zuba a wani ɗan lambatu da ke shigewa cikin duhuwar gora ya ɓace.

Wannan ƙaramar tsagar ita ta tsaya wa Jomar a rai.

Ku yi masa adalci kaɗan. A unguwar da ya tashi, famfo awa biyu yake kawo ruwa a yini. Tun yana ɗan shekara bakwai yake bin layi da jarka. Ya taɓa gaya mini a mota cewa in ya ji ruwa yana zuba ba kowa a wurin, har cikinsa yake jin abin.

Sai ya kawo bokiti da agogo. Kwana uku yana tara bokiti a ƙarƙashin tsagar yana rubutu. Tun daga nan na sa masa suna Injiniya, sunan kuma ya bi shi. Da ya gama lissafinsa ya tari Pak Rarem a bakin gungumen, ya nuna masa takarda, ya ce ga yawan ruwan da ke tafiya daji kullum, ga shi rani ya matso, kusurwar gonarmu ta fara tsagewa.

Pak Rarem bai ko kalli takardar ba. Ya ce, "Ba namu ba ne. Bar shi."

A gefen tsagar akwai ɗan faifan ganye da furanni da turare, irin wanda mutanen nan ke ajiyewa kowace safiya a duk inda ruwa ya rabu. Jomar ya dubi furannin, ya dubi duhuwar gora, shi ke nan ya yanke hukunci a ransa cewa ruwan na ibada ne, an bar wa abin bauta ya sha.

Ya ce, "Pak, ban raina al'adarku ba, amma a littafi wannan asara ake ce masa."

Dattijon ya ce, "Littafin naka ya bi ruwan ya ga inda ya je?"

Ya saɓa fartanyarsa ya wuce. Jomar ya ɗan leƙa cikin gorar, ya ga ƙaya da sauro da duhu, ya tuna an ce akwai macizai, ga ƙarfe tara, lokacin shiga aji, ta kusa. Bai bi ba. Da yamma yana ba ni labari yana dariya, wai tsoho ya kasa ba shi amsa. Na ce masa, Injiniya, baƙo makahon gari ne, ka sake tambaya. Ya ce ai lissafi ba ya ƙarya.

Ana haka aka aiko wa Pak Rarem cewa an sa ranar ƙona gawar yayansa a can Karangasem. Hidima ce ta kwana goma, dangi duka sai sun hallara. Ya bar wa Jomar gona, ya ce ya kula da agwagi, ya riƙa cire shara a magudana. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Washegarin tafiyarsa Jomar ya samo guntun katako, ya auna, ya yanka, har da goge shi ya yi santsi. Ya cusa a ƙaramar tsagar, ya liƙe da laka. Ko ɗigo bai ƙara wucewa ba.

Ai kuwa cikin kwana huɗu kusurwar gonarmu ta sha ta ƙoshi, shinkafa ta yi kore shar. Ya ɗauki hoton kafin da na bayan. Ya tsaya a gaban aji ya nuna yadda ya ceto ruwan da ake zubarwa a banza, sai dai bai faɗi ta yadda ya yi ba, ya ce gyaran magudana ne. Malamin ajin, wani Bature da bai cika wata biyu a Bali ba, har tafi ya yi masa. Ranar nan Jomar bai yi gyangyaɗi ba. Na gan shi a wurin cin abinci yana ta bayani da hannu, masu yi masa dariya jiya sun kewaye shi.

A kwana na tara, shugaban subak, Pak Mudastra, ya shigo ta bayan gonarmu da kansa. Ya durƙusa a bakin gungumen, ya zare katakon, ya jujjuya shi, ya sa a aljihu. Ya juya ya tafi.

Washegari da safe aka buga gangar itace ta kiran taro.

Ashe ruwan ba daji yake zuwa ba. Gonar wata tsohuwa yake zuwa, Dadong Rimpen, wato Kaka Rimpen, a can gangare. Mijinta ya rasu, ɗanta yana aiki a jirgin ruwa, gwiwoyinta kuma ba sa hawa tudu. Da ruwa ya ɗauke ta zaci rani ne, ta yi ta jira. Ta aika gidan Pak Rarem aka ce ya yi tafiya. Sai a kwana na takwas ta lallaɓa ta kai wa shugaba kuka. A daidai kwanakin nan shinkafarta take fure, kuma kowane manomi ya san shinkafar da ta sha ƙishi tana fure ba ta ƙara yin ƙwaya.

Abin takaici, zuwa taron subak yana cikin darasin ɗalibanmu. Saboda haka ni na kwashe su duka zuwa rumfar taro, da littattafansu da wayoyinsu. Suka jeru a baya. Jomar yana kusa da ni.

Pak Mudastra ya ajiye katakon a kan tabarma, ya ce an toshe rabon Dadong Rimpen kwana tara, ruwan ya shiga gonar cibiya. Ya ce a dokar subak ba a tambayar hannun da ya yi, sunan da ke kan gona ake kira. Sai ya kira Pak Rarem.

Dattijon jiya-jiya ya dawo daga makoki, idonsa duk ya faɗa. Ya dubi katakon nan mai santsi. Babu manomin da zai ɓata lokacinsa yana goge abin toshe ruwa, shi ma ya sani, rabin rumfar ma sun sani. Bai waiwaya bayansa ba.

Ya ce, "Gonar a hannuna take. Ruwan da ya shiga cikinta ni ya shigar wa."

Aka yanke. An rufe wa gonar cibiya ruwa zagaye biyu. An karɓe duba rabon ruwa daga hannun Pak Rarem. Aka kuma faɗi sunansa a gaban kowa a matsayin wanda ya ci ruwan maƙwabci, abin da a garin nan ya fi duka ciwo.

Ina jin numfashin Jomar a gefena. Na ga ya dafa ƙasa kamar zai tashi, sai ya koma ya zauna. Ya san sharaɗi na biyu, kalma ɗaya ta ishe shi ya kama hanyar Manila hannu wofi. Yana nan zaune har aka watse.

A mota wata ɗaliba tana cewa kai, shari'ar gargajiya akwai ban sha'awa, a kanta za ta yi rubutunta. Ni dai na riƙe sitiyarina.

Aiki ya ci gaba. Pak Rarem bai ce wa Jomar uffan ba, bai canza masa fuska ba, bai ƙara masa aiki ba. Da ma ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Kullum tare suke tsaye suna kallon gonar cibiya tana bushewa.

A gari kuwa abin a bayyane yake. Dattijon da in ya shiga rumfar mai kofi ake matsa masa wuri, yanzu gaisuwa a taƙaice ake yi masa, kowa ya ci gaba da kallon kofinsa. Ya daina zuwa. Matarsa ma ta rage fita wurin shirin ibada da mata ke taruwa. Ba wanda ya zage su, ja da baya kawai aka yi, kuma a ƙaramin gari wannan ya isa.

Wata na uku ya cika. Jomar ya kawo takardar sa hannu yana riƙe da ita kamar ta ɗauki zafi. Pak Rarem ya goge hannunsa a zani, ya karɓi biro, ya sa hannu a inda aka ce ɗalibi ya yi aiki da kyau.

Jomar ya ce, "Pak, kun san ni ne."

"Na sani."

"To me ya sa kuka ɗauka?"

Ya ce, "Ɗana, ni in an kira ni ɓarawo, gidana ga shi nan tsallaken hanya, in shiga in rufe ƙofa. Kai in an kira ka, ina za ka? Ɗauki fartanya, rana na yi."

Shi ke nan, Jomar ya tsira. Takardar da aka sa wa hannu na wurinsa, saura wata guda, babu mai tono maganar. Da ni ne, wallahi, da na ja bakina na yi gum har in hau jirgi.

Amma ranar Lahadi da ta biyo baya, ranar hutunsa ɗaya tak a mako, maimakon ya kwanta sai ya sa takalmin roba ya shiga duhuwar gorar nan. Shi ya ba ni labarin daga baya. Ya ce ya yi rarrafe a ƙarƙashin ƙaya, sai ya ga lambatun ya shige wani rami da kakannin garin suka fafe a jikin dutse da hannu, ya ɓullo ta ɗaya gefen, ya gangara ta bayan wata bishiyar kwakwa. Tafiyar duka minti ashirin ce. A ƙarshenta fangali uku ne ƙanana, da bukka, da tsohuwa a sunkuye.

Girbi take yi, in za a kira shi girbi. Tana bin zangarnun ɗaya bayan ɗaya, ta matsa da yatsa, in ta ji ƙwaya ta yanke da 'yar wuƙarta, in ta ji ɓuntu ne ta wuce. Wucewar ta fi yankan yawa. Tun safe take, kwandonta ko rabi bai yi ba.

Da ta gan shi ta gane ɗalibin cibiya ne. Ta yi masa maraba, ta ce jikana zauna, ka sha tafiya. Ta dafa masa kofi, ta kawo dafaffen rogo da gishiri. Lokacin ya fara jin yaren, yana tsintar abin da take faɗa. Ya tambaye ta shinkafar, ta ce a bana dai sai haƙuri, amma ƙasa tana nan, baɗi ma shekara ce.

Sai ta dubi tudun da ruwan ke gangarowa.

Ta ce, "Ba shinkafar ce ke hana ni sukuni ba. Rarem ne. Tare muka yi wasa a cikin ruwan nan muna yara. Ranar da mijina ya mutu shi ya kama gaban makara. In Rarem zai iya toshe mini ruwa, to ni ban san kowa ba a garin nan. Na tsufa a banza ke nan."

Jomar ya ajiye rogon. Ya taya ta bin zangarnu har rana ta karkata, ta yi ta sa masa albarka, ta ce ashe a cikin baƙin nan akwai 'ya'yan kirki.

Da ya dawo ya same ni ina wanke mota. Ƙafafunsa duk ƙaya ta yayyage. Ya tambaye ni yaushe ne taron subak na gaba, na ce masa ran Alhamis. Na gane inda ya dosa.

Ba zan ɓoye muku ba, ni na ba shi shawarar ya yi shiru. Na ce Injiniya, aikin gama ya gama, maganarka ba za ta cika wa tsohuwa kwando ba. Saura mako uku. Ka karɓi takardar shaidarka, ka sami aikinka, in ka ga dama ka rubuto wasiƙa daga can. Na tuna masa da mahaifiyarsa. Ya ce ya san duk wannan, tun a hanya yake ta faɗa wa kansa. Ya ce shi dai ya gaji, gajiyar taki da laka ba komai ba ce a kan wadda yake ji duk safiya in Pak Rarem ya ce masa ina kwana.

Ran Alhamis ya ɗaura zani irin na mutanen gari, ya je rumfar taro shi kaɗai. Na bi shi daga baya na tsaya a bakin ƙofa. Ya jira aka gama maganar iri da ranar shuka, sannan ya nemi izini ya miƙe. Yarensa a karye, amma kowa ya ji.

Ya ce, "Ni na yanka katakon, ni na toshe. Pak Rarem ba ya gari. Kafin ya tafi ya ce in bar ruwan, ban bari ba. Na zaci ba na kowa ba ne, kuma ban je na duba ba."

Ba wanda ya yi ihu. Pak Mudastra ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya wurin Pak Rarem ya ce ya rufa wa baƙo asiri da mutuncinsa, an gani, amma subak ba ta son a sake yi mata irin wannan. A take aka mayar masa da duba rabon ruwa. Shi kuwa Jomar aka ce ba ɗan subak ba ne, ba su da hukunci a kansa, sai dai dole a sanar da cibiya a rubuce.

Shugabar cibiyarmu, Bu Ratnadi, wato Malama Ratnadi, ba muguwa ba ce. Ta kira shi ofis, ta ce masa cibiyar nan da yardar subak take shan ruwa, kuma masu ba da tallafin su suka rubuta sharaɗin, takardar subak ta riga ta shiga hannu, ba yadda za ta yi, sai dai ya koma gida. Jomar ya tambaye ta abu ɗaya, ya ce da ɗaya daga cikin masu biya ne ya yi, me za a yi masa. Ta cire tabarau ta murza ido, ta ce da ta kira shi ta yi masa faɗa, ya ba da haƙuri, ya gama karatunsa. Ta ce ta san ba daidai ba ne, ta rubuta musu a kan haka har ta gaji.

Pak Rarem ya zo da kayansa na zuwa taro, ya zauna a ƙofar ofis awa biyu yana roƙo. Mutumin da ba ya magana, ranar ya yi ta har muryarsa ta dushe. Bai yi amfani ba. Da ya fito ya tarar da Jomar a ƙarƙashin bishiya da jakarsa.

Ya ce, "Rabin laifin nawa ne. Ranar da ka kawo mini takardar lissafinka, da na kama hannunka mun gangara. Na ga kana ji da kanka, ni ma sai na ji da kaina."

Jomar ya kama hannun dattijon ya ɗora a goshinsa, yadda suke yi wa manya a ƙasarsu.

Dadong Rimpen da labari ya kai mata, sai ta sa aka goya ta a babur har gidan Pak Rarem da nonon ayaba guda. An ce sun daɗe zaune a tsakar gida. Amma gaskiyar Jomar ba ta mayar da ƙwaya cikin ɓuntu ba. A shekarar nan tsohuwar da tun tana yarinya ba ta taɓa cin shinkafar kasuwa ba, sai da ta tsaya a shago aka auna mata.

Ni aka sa in kai shi filin jirgi. Sauran ɗalibai suna aji, ba wanda ya fito. Tafiyar awa biyu ce da cunkoso, ko waƙa ban sa ba.

Da muka isa na sauke masa jaka, sai ya ce in ɗan jira, yana so ya kira gida, ba ya so ya yi shi kaɗai. Ya danna waya. Ina tsaye ina jin muryar uwar tana tashi da murna, ga ƙarar cokula da kwanuka a bayanta, har tana kiran wani ya zo ya gaisa da ɗanta na ƙasar waje.

Ya bari ta gama. Sannan ya ce, "Mama, yau zan taso. A'a, ba a gama ba. Babu takardar. Ki zauna tukuna, zan gaya miki abin da na yi."

Na koma mota na rufe ƙofa, don sauran maganar ba tawa ba ce.

Darasi: Abin da ka gani yana zuba ba mai tsaro, kada ka ce ba na kowa ba ne sai ka bi shi har ƙarshe, don ƙila rayuwar wani ce a can inda idonka bai kai ba. Ilimi ba ya hana tambaya, kuma in babba ya ce bari, ka nemi dalili da ƙafarka kafin ka sa hannu. Ku ma manya, in yaro ya tambaya ku kama hannunsa ku nuna masa, gajeriyar amsa tana jawo doguwar nadama. Gaskiya tana wanke wanda aka zalunta, amma ba kullum take mayar da abin da aka ɓata ba, gara tun farko kada a ɓata. Ku tura wa duk wani naku da ke shirin tafiya karatu ko aiki a garin da ba nasa ba, ya karanta kafin ya ɗaure kaya.